Saitin Kwali Ko Risiba Da Lasifikoki Daban? Ga Wanda Za Ka Saya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambayi wanda za ka saya tsakanin hom tiyatan nan da ake sayarwa komai a kwali guda, da kuma risibar sauti, wato na'urar da ke karɓar sauti ta ƙara masa ƙarfi ta raba wa lasifikokin da za ka haɗa mata da kanka. To, ka sayi risiba. Ko da kuɗin hannunka ba za su cike lasifika biyar da wufa (lasifikar da ke fitar da rugugi) a tashi ɗaya ba, ka fara da risiba da lasifika biyu masu kyau, sauran su biyo baya sannu a hankali.

Saitin kwali na taɓa riƙe shi. Yana da araha, ba ya cin wuta, kuma ko yaro zai iya jona shi tunda an shafa wa kowace waya launinta. Iyakar alherinsa ke nan. Ranar da kan na'urar ya ƙone, lasifikoki biyar da wufa suka zama kayan ajiya, domin bakin wayarsu na kamfanin ne shi kaɗai, wufar ba ta da amfilifaya a cikinta, kuma irin waɗannan ƙananan lasifikoki sau da yawa om 3 ne (om shi ne ma'aunin turjiyar lasifika ga wuta, ƙaramar lamba ta fi jan wuta), alhali yawancin risibobi an ƙera su ne don om 6 zuwa 8, wasu su sauko har 4. Ka ga ko ka yanke bakin wayar ka ɗaura su a wata na'ura, wahalar da ita kawai za ka yi.

Yanzu Denon AVR-X1600H nake amfani da ita, ta hannu na saya, samfurin Ingila. Abin da ya sa na ƙaunace ta ba ƙarar fashewar bam a fim ba ne. Hajiyarmu ce. Jinta ya ragu, kuma a da idan ta zauna kallo sai an ƙure ƙarar talabijin, kiɗa da hayaniya su cika gidan, ita kuwa maganar da take son ji ba ta fito ba. Da na kawo lasifikar tsakiya na ajiye ta a ƙarƙashin talabijin, sai na shiga saitin risibar na ƙara mata ƙarfi ita kaɗai da kamar decibel 3 (decibel, ko dB, shi ne ma'aunin ƙarar sauti), na bar sauran yadda suke. A azumin da ya biyo baya ta saurari tafsiri daga kujerarta ba tare da ta matso gaba ba, yara na barci a ɗakin da ke kusa ba wanda ya farka. Har cewa ta yi kamar malamin yana zaune a falon. Wannan kaɗai ya biya ni kuɗina, kuma abu ne da saitin kwali mai araha ba kasafai yake ba ka dama ka yi shi yadda ya kamata ba.

Dalilin kuwa shi ne, a tsarin 5.1, wato lasifika biyar da wufa ɗaya, kusan duk maganar 'yan wasa ta lasifikar tsakiya take fitowa. Biyun gaba na ɗauke da kiɗa da faɗin fage, biyun gefe na kawo ruwan sama, ihun 'yan kallo a filin ƙwallo da motar da ta wuce ta bayanka, wufa kuma ta riƙe rugugi. Mutane na zuba kuɗi a wufa saboda ita ce ke girgiza ƙirji a shago, su sayi ta tsakiya 'yar mitsitsiya, daga baya su yi ta ƙorafin ba sa jin magana. Kada ka bi wannan hanya. Ukun gaba, hagu da dama da tsakiya, su zama na kamfani ɗaya kuma jeri ɗaya, don kada muryar mutum ta sauya idan ya taka daga gefen allo zuwa tsakiya. Wharfedale Diamond, Polk, Q Acoustics, Klipsch, duk wanda ka samu na asali a cikinsu zai yi maka. Biyun gefe, waɗanda ake kira na baya, ba sai sun yi tsada ba.

Wani zai ce ai yawancin abin da muke kallo, finafinan Kannywood, wa'azi da abubuwan YouTube, sautin hagu da dama ne kawai, ina amfanin lasifikar tsakiya? Risiba na da tsarin da ke rarraba irin wannan sauti, Dolby Surround a sababbi, Pro Logic II a tsofaffi, ta tsamo muryar ta kai tsakiya. Da shi Hajiya take sauraro. Cikakken 5.1 kuwa za ka same shi a Netflix da faifan Blu-ray da wasannin PlayStation.

Idan Denon ta yi maka tsada, Yamaha RX-V385 ta wadatar. Tashoshi biyar gare ta, wato lasifika biyar take ɗauka, kowace wajen wat 70, tana wuce hoton 4K, tana da Bluetooth. Ba ta da Dolby Atmos, tsarin da ke kawo sauti ta saman kai, kuma ban ga abin damuwa a nan ba. Atmos ya shigo gidajen sinima a 2012, ya iso na'urorin gida a 2014, amma sai ka kafa lasifika a silin ko masu harba sauti sama kafin ka ji bambancinsa sosai. Mai gidan haya da silin ɗin POP ba zai so ka huda masa ba. Abin da za ka nace a kai shi ne HDMI mai ARC, ko eARC idan talabijin ɗinka sabo ne, domin da waya ɗaya sautin abin da kake kallo a cikin talabijin zai dawo risiba, rimot ɗaya kuma ya riƙa ƙara murya. Idan talabijin ɗin 4K ne, duba an rubuta HDCP 2.2 a jikin ramukan HDMI ko a takardar na'urar. Tsofaffin risibobi da yawa sautinsu na da daɗi har gobe, amma hoton 4K ba zai ratsa ta cikinsu ba.

Kada ka bari lambar wat ta ja ka. Tawa wat 80 aka rubuta mata a kowace tasha, a om 8, lokacin da tashoshi biyu ke aiki, kuma ban taɓa ƙure ta a falona ba. Ninka wat sau biyu decibel 3 kacal yake ƙarawa. Wato lasifikar da aka rubuta mata 90dB za ta yi ƙarar da mai 87dB sai ta sha ninkin wutar kafin ta kamo ta. Saboda haka idan za ka raba kuɗinka, kashi biyu cikin uku su tafi wajen lasifikoki da wufa, kashi ɗaya wajen risiba. Risiba takan tsufa idan aka sauya tsarin HDMI, lasifika mai kyau kuwa sai ka gaji da ita.

Ga yadda zan bi da a ce ni ne kai. Risiba da biyun gaba tukuna. Idan hali ya samu, ta tsakiya. Bayan nan wufa mai amfilifayarta a ciki, wadda ake jonawa a soket, inci 10 ta ishi matsakaicin falo. Na baya su zo ƙarshe. Da wufa ta shigo, ka saita duk lasifikokin a matsayin ƙanana, ka sa mahaɗar sauti, wato iyakar da ke raba rugugi da sauran sauti, a 80Hz, rugugi ya koma kan wufa, risiba ta huta, murya ta ƙara washewa.

Ba ka tambaya ba, amma dole in ja kunnenka game da wasu 'yan kasuwa, domin a kayan sauti ha'inci ya yi yawa. Na farko rubutun PMPO, wato lambar wat ta talla da ake kumburawa. Za ka ga kwali an zabga masa 5000W da manyan haruffa, ka juya bayan na'urar ka tarar wutar da take ja daga soket ba ta kai wat ɗari ba. Na'ura ba ta fitar da abin da ya fi wanda ta sha. Denon ɗina mai tashoshi bakwai 430W aka rubuta a bayanta. Lambar RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya fitarwa a kai a kai, za ka nema, idan mai shago ya kauce wa tambayar, ka kama gabanka.

Na biyu, kuma shi ya fi cin mutane, wutar Amurka. Kayan kwantena da yawa na 120V ne, tamu kuwa 230V ce. Akwai mai sayarwar da zai gwada maka a shago ta cikin taransifoma da ya ɓoye a ƙarƙashin teburi, ko ya sauya kan filogi ya yi shiru. Ka kai gida ka soka a bango, hayaƙi ya tashi, ka koma ya ce kai ka ƙona. Karanta rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga da idonka. Nemi samfurin Ingila ko Turai mai 220 zuwa 240V. Idan ta Amurkan ce kaɗai ka samu kuma farashin ya yi daɗi, to ka lissafa kuɗin taransifomar rage wuta mai ƙarfin da ya ninka abin da risibar ke ja, ka kuma san cewa duk ranar da wani a gidan ya zare ya jona kai tsaye, ta tafi.

Na uku, kada a gwada maka lasifika biyu kawai a ce lafiya lau. Kowace risiba tana da sautin gwaji mai shuuu da ke zagaya tashoshi ɗaya bayan ɗaya. Sa a jona lasifika a kowace tasha ka ji da kunnenka. Gwada kowane ramin HDMI da hoto, domin allon HDMI na cikin abubuwan da suka fi mutuwa a ta hannu, gyaransa kuma da wuya. Bar ta tana aiki kamar rabin awa, mai ciwo takan kashe kanta idan ta ɗauki zafi. Duba sukurorin murfi ko an sha kwance su. Ka tabbata an ba ka rimot da ƙaramin makirufon nan na auna ɗaki, wanda Denon ke amfani da shi da tsarin Audyssey, Yamaha kuma YPAO. Masu sayarwa kan cire shi su ce ba shi da amfani, alhali shi ke auna nisan kowace lasifika da kujerarka ya daidaita ƙarfinsu. Kowane kamfani da nasa, ba a musanya su.

A lasifika kuma, cire ragar gaba ka gani. Ana liƙa tambarin babban kamfani a akwatin banza, ana kuma cire na asali a cusa wata mai araha a bar akwatin. Danna tsakiyar faifan a hankali da yatsu, idan ka ji yana gurzawa an ƙona ta. Dubi zoben da ya kewaye faifan: na soso yakan rube ya zube a zafinmu, na roba ya fi jurewa. Wayar lasifika ma akwai ta alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Kankare bakin da wuƙa, idan ciki fari ne ka bar ta. Jan ƙarfe zalla mai kaurin 1.5mm² ya ishi falo, ba sai ka sayi mai tsadar da za a yi maka daɗin baki a kanta ba.

Idan kaya sun iso gida, kada ka kulle risiba a cikin durowar gilashi. Tana fitar da zafi ta sama, a watan Afrilu kuwa ka san yadda ɗaki yake, don haka ka bar mata sarari kamar tafin hannu, kada a ɗora dikoda a kanta. Lokacin hunturu ka rufe ta da ƙyalle idan tana kashe, ƙura na toshe ramukan iska. Sa mata sitabilaiza mai jinkirin kunnawa, kuma a kashe ta kafin a juya layi zuwa janareta. Idan sola kake amfani da ita, inbata mai tsaftatacciyar wuta ake so, mai arahar nan kan sa taransifomar ciki ta riƙa gurnani.

Falon da ke da tayil da bango tsirara yana mayar da amo, ko wace irin lasifika ka sa magana za ta cakuɗe. Shimfiɗa kafet tsakanin kujera da talabijin, ka sa labule mai kauri. Biyun gaba su yi daidai da kunnenka idan kana zaune, ka ɗan karkato su su fuskance ka. Na gefe su kasance a gefen kujera ko ɗan baya kaɗan, sama da kai kaɗan, ba can ƙuryar silin ba inda masu haɗa waya suka saba maƙala su. Sannan ka kashe fanka, ka sa makirufon a inda kanka yake idan ka zauna, ka bar risibar ta yi awonta.

Idan ka samu wadda ta kwanta maka, ɗauko hoton bayanta inda aka rubuta lambar samfuri da ƙarfin wuta ka turo mu gani kafin ka biya.