Kwandon golf ɗin faifai da na saya: wata biyar muna yawo da shi daga Jidda zuwa Ɗa'ifa

Tun ranar da na ɗora hoton kwandon nan mai sarƙoƙi a sitatus mutane ba su bar ni na huta ba, wani ya ce kejin kaji ne, wata innarmu a Makka kuma har waya ta bugo wai ko abin gasa nama na sayo ban gaya mata ba. To ga amsa gaba ɗaya, kuma in kana da niyyar saye ka ɗan tsaya ka karanta kafin ka zubar da riyal ɗinka.

Wasa ne, golf ɗin faifai. Dokarsa irin ta golf ce, wato ƙwallon lambu, sai dai nan babu sanda babu ƙwallo, faifan roba kake wurgawa, inda ya faɗi ka je ka tsaya ka sake wurgawa har ya shiga kwando, wanda ya fi ƙarancin jifa shi ya ci. Ɗan yayana ne ya kawo mana tsiyar, da ya dawo hutu daga Amurka ya zo da faifai uku na kamfanin Innova, Aviar na kusa, Shark na tsakiya, sai Leopard na nesa wanda suke ce wa direba. Na ce madalla, ni ma direba ne shekara goma sha ɗaya a garin nan, ashe ɗan uwana aka kawo min.

Wajen wata biyu gindin dabino muke jifa, wani lokacin durom ɗin shara. Kullum sai an yi musu, wannan ya ce ya taɓa wancan ya ce wallahi bai taɓa ba iska ce, manya da gemu muna rantse-rantse a kan roba. Daga baya yaron yake gaya min ai matsalar kenan da ta sa wani Ba'amurke Ed Headrick ya ƙirƙiro kwando mai sarƙa ya yi masa rajista a 1977, don filin farko da ya kafa a Oak Grove a Kalifoniya a 1975 ma sanduna kawai ake jifa. Na ce to ashe ba mu muka fara rigimar ba. A daren na shiga intanet na yi oda.

Riyal 390 da kuɗin kawowa, daga wani shago da ba zan kira sunansa ba. Sun rubuta kwana biyar, sai da ya yi goma sha biyu, mandub ɗin kuma, wato mai kawo kayan, ya kira ni sau huɗu yana neman lokeshan alhali na tura masa tun farko. Na buɗe kwali, guda huɗu ne, gindi, sanda mai haɗi biyu, kwandon kansa, da rawanin sama da sarƙoƙi ke rataye. Noti ɗaya babu. Na yi musu magana suka ce in mayar da kayan gaba ɗaya a sake turo wani, saboda noti ɗaya fa! Na sauka shagon kayan gini na ƙasan gidanmu na saya a riyal biyu, magana ta ƙare.

Abin da zan yabe shi da shi, kuma shi ne dalilin da ban yi nadama ba, haɗa shi bai fi minti uku ba kuma yana shiga but ɗin ƙaramar mota ba sai an kwantar da kujera ba. Mu nan unguwarmu babu wani fili da aka kafa kwanduna a jere kamar yadda ake gani a bidiyon Amurka ko Finland, to da wannan guda ɗayan duk inda ka samu sarari ya zama filinka. Yadda muke yi, mutum ɗaya ya ɗauka ya kai nesa ya dasa, a yanke cewa nan jifa uku ne ko huɗu, a buga, a sake ciccibarsa a kai wani wajen, har sau tara. Sannan ƙarar sarƙar nan in faifai ya daki tsakiya, kacau! Wallahi ko ba ka son wasan sai ka ji wani daɗi. Musu ya mutu daga ranar.

Amma fa sarƙar ce kuma matsalarsa. Guda 12 ce layi ɗaya, sirara kamar ta ɗaure kyanwa, alhali kwandunan gaske na filin gasa sukan kai 24 ko fiye a layi biyu, na ciki da na waje, shi ya sa suke shanye ƙarfin faifan ya zube ciki. Wannan namu in ka yi jifa da ɗan ƙarfi sai faifan ya ratsa ya fice ta baya, ko ya daki sanda ya dawo maka kamar an ce ba a so. Ni da nake da hannu mai nauyi na sha wannan takaicin ba sau ɗaya ba, daga taku biyar fa, jifa mai kyau a tsakiya, ka ga abu yana birgima a ƙasa yara suna dariya. Sai da na je na yanko ƙarin sarƙa mita huɗu na rataya layi na biyu da waya, yanzu da sauƙi sosai. Tsatsa ma ta fara fitowa a wata na biyu, amma wannan kam rabi laifin Jidda ne, wanda ya san raɓar garin nan da gishirin teku ya san ko ƙofar gida ba ta tsira ba.

Faifai uku da suka haɗo da shi a matsayin kyauta kuwa kar ka sa su a lissafi. Ba nauyi, babu lambobin nan huɗu da ake bugawa a kan faifan kirki masu nuna gudu da shawagi da yadda zai karkata, kamar Leopard da ke da 6, 5, -2, 1. Faifan wasa na gaske yawanci tsakanin giram 150 ne zuwa 175, waɗannan ko iskar fanka sai ta ɗauke su. Yara na ba.

Wuraren da muka gwada. Bakin Kornish, wato wajen shan iska na bakin tekun Jidda, mun je sau ɗaya da yamma muka naɗe kayanmu, mutane sun yi yawa, ga iyalai sun shimfiɗa tabarmi ga yara na gudu, kuma bakin direba kaifi gare shi, in ya sami goshin ɗan wani ka san sauran zancen. Ga iskar teku da ke tasowa bayan azahar, sau biyu ta kifar da kwandon don gindinsa ba shi da nauyi, sai da muka danne da galan ɗin ruwa. Yanzu ko ina za mu da galan muke tafiya.

Barr ɗin wajen Usfan, wato filin sahara na bayan gari, ya fi, lokacin sanyi musamman, a fita kashta, wato yawon shaƙatawa, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, a ɗora shayi a gefe. Sarari iya ganinka. Illarsa biyu, babu bishiyoyin da za su sa wasan ya yi armashi sai ƴan ƙayoyi jefi-jefi, sannan duwatsu suna cin bakin faifai. Kuma faifai mai ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa in ya kwanta a yashi sai ka yi minti ashirin kana nema, ka sayi ja ko shuɗi ka huta.

Inda abin ya kai abin shi ne Shafa, saman Ɗa'ifa. Kai jama'a. Tudu da gangare, bishiyoyin ar'ar ko ta ina, sanyi a watan da Jidda ke tafasa, ka dasa kwandon bayan wani dutse ka ga yadda kowa ke lissafin ta inda zai zagaya. A nan na gane wasan ba ƙarfi ba ne, dabara ce. Mai jifa da hannun dama ta baya faifansa hagu yake faɗawa in gudunsa ya ƙare, to a can sama, tsawo ya haura mita 2,000 iska ba kauri, sai na ga Leopard ɗin da ke miƙe min a Jidda yana saurin karyewa hagu, na ɗauka hannuna ne ya lalace sai yaron ya ce a'a Baffa haka tsauni yake yi wa kowa. A hanyar Hada kuma da muka tsaya shan iska wani goggon biri ya ɗauke ɗaya daga faifan kyautar nan daga kan bonet, ya ɗan gatsa ya ji ba abinci ba ne ya wurgar cikin kwari, kuma gaskiya jifansa ya fi nawa na ranar farko.

Wani gargaɗi, kar ka bar faifai a mota da rana. Na manta Shark a kan dashbod wuni guda a watan Yuni, na dawo na tarar ya lanƙwashe kamar gurasa. Wannan laifina ne ba na kowa ba.

To in ka tambaye ni maki, uku da rabi cikin biyar. In kana da hali ka ƙara kuɗi ka nemi mai sarƙa layi biyu tun farko, in babu wannan ma zai yi, ka dai ware riyal talatin na ƙarin sarƙa kuma ka sayi faifan kirki daban. Kawuna da ya fi kowa yi mana dariya da farko, mai cewa ƙarti da ƴaƴa suna jifa da murfin tukunya, yanzu shi ke kirana tun daren Alhamis yana cewa kai yaro gobe Usfan ko Shafa, kuma Aviar ɗin nan yana wajensa sati uku kenan ya ce a hannunsa ya fi zama.