Mai jarfa da rajista, mai lalle da dayis: wasiƙa daga Birmingham

Yaya, sallama da gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Kin ce in ba ki labarin hannun 'yar taki tiryan-tiryan, tunda hoton da na tura ya hana ki barci. Alhamdu lillahi ƙurajen sun bushe, saura tabo. Amma bari in faro miki daga wani shago da ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba.

Akwai wata Baturiya da muke aikin dare tare a gidan kula da tsofaffi. Watannin baya ta roƙe ni in raka ta a zana mata sunan marigayiya mahaifiyarta a damtse, irin zanen nan na allura da ba ya gogewa. Su tatu suke ce masa, mu kuwa jarfa muka sani, irin ta wuyan Goggo. Na ce mata addinina ya hana, hadisin da ya tsine wa mai yi da wadda ake yi wa yana nan cikin Bukhari da Muslim. Ta ce ai ba damtsena ta ce in miƙa ba, jaka kawai zan riƙe mata. Na bi ta.

Na ɗauka matattarar zauna-gari-banza zan tarar, sai na ga wuri fes kamar ɗakin cire haƙori. Takardar rajista na manne a bango, don a nan Ingila ba a buɗe irin wannan shago sai ƙaramar hukuma ta san da shi. A kan tebur an rubuta cewa duk wanda fuskarsa ta nuna ƙuruciya sai ya fito da katin shaida, saboda tun 1969 doka ta hana a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba, ko da iyayensa ne suka kawo shi. Aka ba ta takarda ta cike: ciwon suga, maganin tsinka jini, juna biyu. A gabanta mai zanen ya farke ledar allurar. Tawadar ya tsiyaya a ɗan mitsitsin ƙoƙo, da ya gama ya jefar da shi har da ragowar, allurar kuma ta faɗa wata rawayar roba mai murfi. Ina zaune ina tuna wanzamin unguwarmu, Allah ya jiƙansa, da zabirarsa: aski, ƙaho, cire beli, duk da kayan aiki guda. Gwani ne na gaske, amma a lokacin wa ya san ciwon hanta yana bin tsinin aska?

Yadda ta zaɓi mai zanen ne ya fi tsaya mini a rai. Ta daɗe tana bin hotunan aikinsa a Instagram, kuma ba sabon zane take dubawa ba, wanda ya warke ya shekara take nema, ta ce ranar farko na kowa ma kyau gare shi. Ta ba da kafin alƙalami, ta jira kusan wata biyu kafin layi ya zo kanta. Ta ce wanda zai tare ki a bakin teku ya ce zauna yanzu-yanzu, ki riƙe kuɗinki. Ga shi bayan an yi ba iyo, ba shanya wurin a rana na makonni, abin da kuwa ke kai mutane hutu bakin teku ke nan. Ko jini ba za ta bayar ba sai bayan wata 4. Har ƙasar da za ka je ma abin dubawa ce: a 2014 Sri Lanka ta koro wata 'yar Ingila saboda hoton Buddha a damtsenta.

To ni da na ga duk wannan da idona, ji abin da na yi. Hutun makaranta muka je Marrakesh a Maroko. A dandalin Jemaa el-Fna, wurin masu wasa da maciji da masu lemon matsi, mata masu lalle na zaune kan 'yan kujeru da littafin hotuna. Kafin in ankara wata ta cafke hannun yarinyar ta fara zuba fulawa da sirinji marar allura. Baƙi wuluk. Maimakon in hana, sai daɗi ya kama ni, na ce kai, kamar dayis ɗin gida! Ciniki kawai na tsaya yi. Kafin mu gama shan shayi ya kama.

Sai da muka dawo da kwana tara ta fara susa. Washegari fatar ta tashi ta ɗuri ruwa, ƙuraje sun bi zanen sak, kowane ganye da kowane ɗigo. Likita ta tambaye ni me aka zuba a ciki, na yi tsuru-tsuru. Ta ce lalle na gaskiya ba ya yin baƙi. Abin da ke baƙanta shi sinadarin rinin gashi ne, PPD, wanda a nan aka yarda a sa a rini kaɗan, da gargaɗi a jikin kwali, amma ba a yarda a zana shi a fata ba. Ta ba mu man shafawa, ta kuma ce jikin da ya ƙi shi sau ɗaya ya ƙi shi ke nan, ko ta girma ta yi nesa da baƙin rini. Yarinya 'yar shekara 11, Yaya.

Abin mamaki, mai lalle a nan ba mai tambayarta rajista. Daren Sallah a titin Alum Rock da ke nan Birmingham za ki ga tebura jere, 'yan Pakistan da sauransu, kowa da kwalin lallen kanti, wani ko rubutun abin da ke ciki babu. Wadda nake zuwa wurinta yanzu da kanta take kwaɓawa: garin lalle, lemon tsami, sukari da ɗan man ƙamshi, ta ajiye a firiza. Warin ganye za ki ji. Idan ya ɓanɓare ruwan goro yake fitowa, sai ya kwana biyu ya nuna. Kuɗin hannu ɗaya ya isa a yi wa amarya da ƙawarta a gida, kuma maganar gaskiya hannun matanmu ya fi nata sauri da tsari. Ƙunshin salatif ma sai da na nuna mata hoto.

Bikin auta ya matso. Don Allah ki sa mai ƙunshin ta kwaɓa a gabanki, yara kuma a yi musu ja kawai, ko sun yi kuka. In an samu mai zuwa, ki aiko mini garin lalle mai laushi, wanda aka tankaɗe sau biyu. Ki gaida Inna, kada ki nuna mata hoton.