BAHTTEXT na Excel: gwani ne, amma kuɗin Thailand kaɗai ya sani

Ni ke riƙe da lissafin wani ƙaramin ofishin tura kaya a Bangkok, kusa da kasuwar Pratunam inda 'yan kasuwarmu ke sarin tufafi. Rasit da cak a nan, bayan an sa adadi da lamba, akan sake rubuta shi da kalmomin yaren Thai. Yaren da nake ji bai wuce na ciniki ba, rubutunsu kuwa sai dai kallo.

BAHTTEXT ne ke fid da ni. Umarni ne da ke cikin Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, ba a sauke komai. Idan kuɗin yana gidan A1, wato akwatin farko na shafin, sai ka rubuta =BAHTTEXT(A1), nan take ya jero adadin da haruffan Thai, ya liƙa "baht", sunan kuɗin Thailand, a ƙarshe. In babu canji, ya ƙara "thuan", wato cif-cif. In akwai, ya kawo satang, wanda 100 ɗinsa ke yin baht ɗaya.

Inda ya fi burge ni shi ne ƙa'idojin ƙirgarsu. Biyu "song" ce, amma ashirin "yi sip" ake cewa. Ɗaya "nueng" ce, amma a 11 da 21 sai ta koma "et". Dubu goma da dubu ɗari ma kowanne da sunansa, "muen" da "saen". Nan baƙo ke tuntuɓe, shi kuwa bai taɓa ba. Abokiyar aikina, 'yar ƙasar ce, ta daina ma duba min rasit.

A kula, abin da yake fitarwa rubutu ne, ba a tara shi ko a ninka. Ka bar lambar a gidanta, kalmomin a wani gidan daban.

Haushina ɗaya. Excel ba shi da irinsa na Turanci, balle naira da kwabo. Idan Alhaji a Kano ya nemi takardarsa da kalmomi, sai na koma ga 'yar manhajar da ake kira SpellNumber, wadda ake rubutawa da VBA (yaren ba Excel umarni), na gyara dala ta koma naira, na adana fayil ɗin a .xlsm, nau'in fayil mai ɗauke da irin wannan manhaja. In ya isa can, kwamfutar yaronsa ta yi gargaɗin tsaro, sai waya: "Ranka ya daɗe, abin ya ƙi buɗewa." Shi ya sa yanzu PDF kawai nake tura musu.