Cinikin Albashin Matuƙa Jirgin Sama: Tsarin Amurka da Namu na Nijeriya

Assalamu alaikum. Malam, ka tambaya a wannan zaure cewa ka ji matuƙa jirgin sama a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar amincewa da yajin aiki kusan baki ɗayansu, amma ko jirgi ɗaya bai fasa tashi ba, kuma daga bisani suka sami ƙarin albashi mai tsoka, alhali a nan gida sai a wayi gari an datse hanyar filin jirgi, bayan kwana biyu a buɗe, ba a ji abin da aka samu ba. Ka ce kana son sanin wace hanya ce ta fi amfanar ma'aikaci, tunda ɗanka yana da burin shiga Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya. A ganina tsarin Amurka ya fi kare matuƙi, kuma dalilin shi ne a can abin da aka rubuta aka sa wa hannu yana da ƙarfin da babu mai iya take shi cikin sauƙi.

A Amurka dokar da ke tafiyar da wannan sha'ani tun asali ta ma'aikatan jirgin ƙasa ce, an kafa ta a 1926, aka shigar da kamfanonin jiragen sama ƙarƙashinta a 1936. Bisa wannan doka yarjejeniyar da ke tsakanin ƙungiya da kamfani ba ta mutuwa idan wa'adinta ya cika, sai dai lokacin gyara ta ya yi. Muddin ana tattaunawa, kamfani ba shi da ikon rage albashi ko sauya sharuɗɗan aiki, ƙungiya kuma ba ta da ikon ajiye aiki. Idan ciniki ya cije, sai Hukumar Sasanci ta Ƙasa ta shiga tsakani, kuma ita kaɗai ce ke da hurumin cewa magana ta ƙi, lamarin da kan ɗauki shekaru. Ko ta sallame su, sai an jira kwana 30 domin zukata su huce, sannan shugaban ƙasa yana iya kafa kwamitin gaggawa wanda zai ƙara kwana 60. Haka Bill Clinton ya yi a watan Fabrairun 1997, inda ya dakatar da yajin aikin matuƙan American Airlines 'yan mintuna bayan farawarsa. Waɗanda suka nemi zagaye dokar ma sun ɗanɗana kuɗarsu: a 1999 matuƙan wannan kamfani suka riƙa zama a gida da sunan rashin lafiya, alƙali ya ci ƙungiyarsu tarar sama da dala miliyan 45.

Saboda haka ƙuri'ar da ka ji labari, ta matuƙan kamfanin Delta a watan Oktoban 2022 wadda kashi 99 cikin 100 na masu zaɓe suka amince, gargaɗi ne ga kamfani da masu hannun jari cewa kan ma'aikata a haɗe yake. Abin da doka ta yarje musu a lokacin shi ne su fito a ranar hutunsu, sanye da kayan aiki har da hula, su jera sahu a bakin filin jirgi riƙe da alluna, su yi ta zagaye ba hayaniya, fasinja yana wucewa ta gefensu da akwatinsa. Yarjejeniyarsu ta isa gyara tun ƙarshen 2019, ba a kammala sabuwa ba sai a watan Maris na 2023, da ƙarin kimanin kashi 34 cikin 100 a tsawon wa'adinta, kashi 18 daga ciki nan take. Matuƙan United kuwa sun yi fatali da tayin farko a 2022, suka karɓi wanda ya kai kusan kashi 40 a 2023. Wannan ma darasi ne, domin shugabannin ƙungiya ba sa ƙulla magana su kaɗai, dole a mayar da daftarin ga mambobi su kaɗa ƙuri'a.

Kada a ɗauka haƙuri ne kawai ya ba su. Bayan haɗarin jirgin Colgan Air a 2009 aka wajabta wa mai son zama mataimakin matuƙi a jirgin fasinja ya tara awa 1,500 na tuƙi, ga ritayar dole a shekara 65, ga waɗanda suka ajiye aiki lokacin korona. Da tafiye-tafiye suka dawo sai matuƙa suka yi ƙaranci. Wanda ya kai sa kasuwar Mai'aduwa a ranar da shanu suka yi wuya ba ya buƙatar ɗaga murya kafin a taya da daraja.

Idan muka dawo gida, a takarda tsarinmu bai yi nisa da nasu ba. Dokar Rikicin Ƙwadago ta 1976 ta tanadi a fara da mai shiga tsakani, idan ya gaza a kai wa Ministan Ƙwadago, daga nan zuwa Kwamitin Sulhu na Ma'aikata, sannan Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kuma ta hana yajin aiki yayin da ake bin waɗannan matakai. Gyaran da aka yi wa dokar ƙungiyoyin ƙwadago a 2005 ya haramta wa masu yajin aiki tare hanya ko hana jirgi tashi. Dokar Sufurin Jiragen Sama ta 2022 ta sa wannan fanni cikin ayyukan da ba a yarda a tsayar ba, kuma ɗan jiharmu ta Katsina Sanata Hadi Sirika, wanda shi kansa matuƙi ne, ya yi gargaɗi da ita a watan Janairun 2023 yana minista, bayan ma'aikatan NAHCO masu lodin kaya sun tsayar da aiki a Legas. Duk da haka a watan Afrilun 2023 ƙungiyoyi suka yi yajin gargaɗi na kwana biyu, aka ga fasinjoji a Ikeja suna sauka daga mota suna ɗaukar jakunkuna a ka domin su taka zuwa cikin filin jirgi. Ya kamata a lura cewa mafi yawan masu tsayawa a bakin ƙofa ba matuƙa ba ne, 'yan ƙungiyoyin NUATE ne da ATSSSAN, wato ma'aikatan filin jirgi da na hukumomin gwamnati. Ƙungiyar matuƙa da injiniyoyi ita ce NAAPE.

Inda muka bambanta da su ƙwarai shi ne darajar yarjejeniya. An daɗe a shari'ar Nijeriya ana ɗaukar yarjejeniyar ƙungiya da kamfani a matsayin alkawarin mutunci kawai, wanda kotu ba ta tilasta cika shi sai an shigar da shi cikin takardar ɗaukar aikin mutum ko minista ya ba da umarni, kodayake Kotun Ma'aikata ta fara sauya wannan fahimta tun da aka ƙara mata ƙarfi a gyaran tsarin mulki na 2010. Ma'aikacin da ya san za a iya sa hannu yau a saɓa gobe, ba abin mamaki ba ne ya ga kwaɗo da sarƙa sun fi masa sauri. A watan Agustan 2020, lokacin da korona ta ajiye jirage, Air Peace ya sallami matuƙa kusan 70 bayan saɓani kan albashi, kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow kuma ya sallami matuƙa da injiniyoyi kimanin 100 ana tsakiyar yajin aikin NAAPE. A batun Air Peace sai da minista ya kira zama kafin a daidaita. Wannan yana damuna ƙwarai, domin haƙƙin da sai babban mutum ya sa baki ake samunsa alfarma ce, kuma alfarma tana tafiya da mai kujera.

Adalci ne kuma a dubi ɓangaren kamfanonin. Delta kaɗai a 2023 yana da matuƙa wajen 15,000, kuma yana cin ribar biliyoyin daloli, alhali kamfanin Nijeriya yana sayar da tikiti da naira amma kayan gyara da inshora da hayar jirgi duk da dala yake biya. Hukumar AMCON, mai karɓo basussukan da suka gagara biya, ta karɓe Aero Contractors a 2016 da Arik a 2017 saboda bashi, kuma tsofaffin ma'aikatan Nigeria Airways, wanda ya durƙushe a 2003, sai a 2018 aka amince a fitar musu da kimanin naira biliyan 22, rabin abin da suke bi. Ƙungiya ba ta iya tatsar abin da babu. Mu nan Katsina da muke ganin jigilar alhazai daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua kowace shekara, mun san wanda zai kwana a sansani idan aiki ya tsaya.

Tsarin Amurka ma yana da nasa ciwon. Komai na matuƙi ya rataya ne a kan lambarsa a jerin waɗanda suka riga shiga kamfani: ita ke ba shi zaɓin jadawalin wata, da irin jirgin da zai tuƙa, da lokacin da zai koma kujerar hagu ya zama kyaftin. Idan kamfanin ya rushe, ko shekara ashirin ya yi, a sabon wuri daga ƙasan jeri zai fara. Kotun fatara kuma tana iya warware abin da aka ƙulla, kamar yadda matuƙan United suka rasa tsarin fanshonsu a 2005.

Game da yaron, Allah ya yi masa albarka ya cika masa burinsa. Idan ya gama Zariya, lasisin da zai fito da shi bai isa ya tuƙa jirgin fasinja ba sai ya yi horo na musamman a kan nau'in jirgin, irin su Boeing 737, kuma wannan horo yana da tsada. Kamfanin da ya biya masa yakan ɗaure shi da sharaɗin yin aiki na wasu shekaru. Ka sa lauya ya karanta wannan takarda kafin ya sa hannu, a duba nawa zai mayar idan ya bar aiki, da abin da zai faru idan kamfanin ne ya daina biyan albashi, da inshorar rasa lasisi saboda rashin lafiya, da kuma ko an ambaci yarjejeniyar NAAPE a cikin takardar ɗaukarsa aiki.