Ƙaramar tankar yaƙi mai rimot: ta roba ko ta ƙarfe?

An sha tambayata wacce za a saya, ta roba ko ta ƙarfe. Galibi ana magana ne kan ma'aunin 1:16, wato kowane sashe ya ƙanƙance sau 16 daga na ainihi, kamar ƙaramin samfurin tankar Jamus mai suna Tiger I da kamfanonin Heng Long da Tamiya ke ƙerawa.

Ta roba ta fi araha, don ana zuba narkakkiyar roba a mazubi a fitar da dubbai. Ba ta da nauyi, batir yana daɗewa, gyaranta kuma sau da yawa gam ne kawai. Matsalarta tana wajen giya da sarƙar da take tafiya a kai. Idan ta shiga ciyawa ko yashi, haƙoran giyar roba sukan cinye, sai ka ji injin na kuka amma tanka ba ta motsi.

Ta ƙarfe nauyinta yana sa sarƙa ta kama ƙasa, tana rangaji kan duwatsu kamar ta gaske, har da ƙarar sarƙar, wadda ni ita ce ta fara jan hankalina. Sai dai nauyin yana cin batir, yana wahalar da injin, kuma in ta jiƙe ba a shanya ba, fil-fil ɗin sarƙa sai tsatsa. Kuɗinta ma ba wasa ba.

Sabon shiga da mai tuƙi a tsakar ɗaki, ta roba ta ishe su, daga baya su sauya giyar zuwa ta ƙarfe. Mai fita fili da ke jin daɗin kwance-kwance da shafa mai, ta ƙarfe ce tasa.