Gwangwanin ajiyar gahawa a zafin Sakkwato: abin da na gani

Ƙanena da ke aiki a Gembu ne ya saba aiko mini da gasassun ƴaƴan gahawa na tsaunin Mambila, rabin kilo a leda. Ranar da na kwance ƙunshin farko, ƙamshi har zaure. Mako biyu bayan nan, a tsakiyar Afrilu da zafi ke haura digiri 40, na daka na dafa, sai ɗaci zalla, ƙamshin ya gudu. Abin ya yi mini ciwo, don na san nisan da ya yi kafin ya iso hannuna.

Na gwada firji, ashe kuskure ne babba. Gahawa na zuƙar warin duk abin da ke kusa da shi, nawa daddawa ya kwasa. Da an ɗauke wuta kuma ledar ta yi gumi, laima ta shiga.

A watan Disamba na sayi gwangwanin ƙarfe mai murfi biyu. Na ciki shi ne aikin: kana danna shi ƙasa har ya zauna kan ƴaƴan, ka ji iska na fita ta ɗan rami, fuu. Iskar da muke shaƙa ce ke lalata maiƙon da ke riƙe da ƙamshin, shi ya sa korar ta ke da amfani. Haske ma ba ya ratsa ƙarfe yadda yake ratsa kwalba. Yanzu ina kai mako biyar ƙamshi na nan, ko da yake bai kai na makon farko ba. Garin da aka riga aka daka kuwa, ko a ciki kwana kaɗan yake yi, don haka na yau kawai nake dakawa.

Gwangwanin yana da aibi. Kuɗinsa da nauyi. Robar bakin murfin tana kama ƙurar hunturu, sai na riƙa gogewa da busasshen ƙyalle. Kuma ba ya hana zafi: na bar shi a kicin yini guda, na taɓa na ji shi zau. Tun daga nan ɗakin ƙasa na Hajiya yake kwana, can ƙarƙashin gado.

Jiya bayan sallar Asuba na miƙa wa Baba kofi. Ya kurɓa ya ce, "Yaron nan ya sake aiko da sabo ne?"

Na ce, "A'a Baba, na watan jiya ne."