Wane Baƙin Mai Ya Dace da Tsohuwar Mota a Zafin Sakkwato?

Duk mai riƙe da Fijo 504 ko 505 irin waɗanda kamfanin PAN ya harhaɗa a Kaduna, ko tsohuwar Marsandi ta shekarun 1980, zai tarar da baƙin mai nau'i biyu idan lokacin juye ya yi: na gargajiya da aka tace daga ɗanyen mai, da kuma sintetik wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya.

Ni dai na gargajiya mai lamba 20W-50 (lambar da ke nuna kaurin mai) nake zaɓa. Injin da ya shekara arba'in yana aiki, rin da fistin ɗinsa sun saki, saboda haka yana buƙatar mai kauri wanda ba zai tsinke ba idan zafin Afrilu ya haura digiri 40 a kan hanyar Illela. Ga shi kuma da rangwamen kuɗi, ta yadda mutum zai iya yin juye da canza filta duk bayan kilomita 3,000 zuwa 5,000, wanda shi ne maganin ƙurar hunturu da ke shiga inji.

Sintetik ya fi jure zafi, babu musu, amma irin su 5W-30 da ake yi wa motocin zamani sun yi ruwa-ruwa ga tsohon inji, kuma sukan wanke daskararren dattin da ya toshe tsofaffin sil, wato robobin da ke hana mai zuba, sai yoyo ya bayyana.

Sai dai babbar barazanar ita ce jabu. Akwai masu tara tsohon man juye su tace shi, su ɗura a galan na gaske, su liƙe murfin. An taɓa sayar mini da irinsa a wani shago, kuma ba a yi nisa ba fitilar mai ta kama, aka sauke inji. Saboda haka a saya a gidan mai ko wurin dila sananne, a duba hatimin murfi da tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, a kuma guji wanda ake aunawa a kwalba a bakin titi. A ɗiga kaɗan a yatsa a murza. Idan an ji tsakuwa-tsakuwa ko ƙauri, a mayar. A tsaya makanike ya buɗe galan a gaban ido, sannan bayan an juye a huda galan ɗin kafin a yar, domin da galan ɗin da aka bari lafiya lau ake yin wannan ha'inci.